Na ce mata ta yi haƙuri, ba ta sake dawowa ba

Assalamu alaikum Gwaggo,

Ni ɗaliba ce mai karatun aikin walwalar jama'a. Wata uku ke nan da aka tura ni sanin makamar aiki a wata cibiyar mata, inda ake koyar da ɗinki da haɗa sabulu, akwai kuma wani ɗan ɗaki da mata ke shiga su faɗi damuwarsu. Malamar da ke riƙe da ɗakin ta tafi hutun haihuwa, sai aka ce in zauna a madadinta.

Ran nan wata baiwar Allah ta shigo, za ta yi sa'ar yayata. Ta ce tun da ɗanta na goye ya rasu bara barci ya ƙaurace mata, abinci sai ta tilasta wa kanta, maigidan kuma ya ce ta cika mita. Tana magana tana kuka. Ni kuwa na rikice, tun ba ta dire ba na tare ta da "ki yi haƙuri, wanda ya fi mu sonsa ne ya karɓi abinsa." Na kawo mata labarin ƙanwar mahaifiyata da ta binne 'ya'ya uku, ga ta nan tana harkokinta. Ta share hawaye, ta ce "haka ne," ta yi godiya ta tafi. Sati biyar ke nan ko ajin ɗinki ba ta sake leƙowa ba.

Ina na yi kuskure? Abin da aka tashe mu a kai na faɗa. Ga kuma Umma, ta hango ta tana fitowa daga wurina, don unguwarmu ɗaya, kullum sai ta tambaye ni me ke damun matar. Ban faɗa ba, har ta fara cewa boko ya sa ina yi mata ɓoye-ɓoye.

'Yarki daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yata,

Ba ki faɗi ƙarya ba, kin dai yi gaggawa. Matar nan ta sha "ki yi haƙuri" tun ranar jana'iza, daga bakin dangi da maƙwabta da 'yan gaisuwa. Da wannan kalmar ce maganinta, da tuni ta warke. Ta zo neman inda za a bar ta ta kai ƙarshen zance, sai ta tarar da abin da ta baro a gida. Labarin ƙanwar mahaifiyarki kuwa, a kunnenta cewa kika yi: wata ta rasa uku ba ta yi raki ba, ke kina kuka a kan ɗaya. Kuma ki duba zuciyarki, wa kika so ki rarrasa a lokacin? Sau tari kukan mutum ne ke tsorata mu, sai mu toshe shi da nasiha don mu samu sa'ida. Ni ma na yi haka da ƙuruciya, ba sau ɗaya ba.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Carl Rogers, ya rubuta tun a 1957 cewa abin da ke taimakon mai damuwa shi ne ya ji an fahimce shi, an karɓe shi ba tare da yanke masa hukunci ba. Mu ma mun san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To ki bar ta ta nuna miki wurin. Ki tambayi sunan yaron. Sau da yawa mutanen gida sun daina ambatonsa, uwa kuwa tana marmarin ta furta shi. Ki guji tambayar da amsarta "e" ko "a'a" ce, ki ce "yaya darenki yake wucewa?" In ta yi shiru, kar ki cike shirun, ki ƙirga goma a zuci. In ta gama, ki mayar mata da abin da kika ji: "Wato abin da ya fi ci miki rai shi ne ba ki da wanda za ki yi zancensa da shi?" In kin kauce za ta gyara miki. Addu'a da haƙuri suna da gurbinsu, amma a ƙarshe, kuma galibi ita za ta fara kawo su.

Kar ki ɗauka sai mai babban digiri ke iya wannan. A Harare ta Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa. Ki nemi littafin agajin farko ga wanda hankalinsa ya tashi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011, kyauta ne a intanet. Ginshiƙansa uku: duba, saurara, sannan sada mutum da inda zai samu taimako.

Na ukun nan ya shafe ki. Shekara guda ba barci ba cin abinci ya wuce a bar wa ɗaliba ita kaɗai. Ki tambaye ta kai tsaye, cikin taushin murya, ko tunanin kashe kanta yana zuwa mata. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin. In ta ce e, wannan ba sirrin da za ki riƙe ba ne, ki gaya mata dole ki sanar da na gaba da ke. Akwai sashen masu larurar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, ga kuma na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Ki kuma sanar da malaminki na makaranta cewa an bar ki ba mai duba aikinki.

Batun Umma, kin yi daidai, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ki durƙusa ki ce mata amana ce aka ba ki, da ita ce ta shiga ɗakin haka za ki rufa mata asiri.

Kar ki je gidan matar, kar maigidan ya tsargu. In kun haɗu a hanya ko gidan suna, ki ja ta gefe ki ce, "Yaya, ran nan na katse ki ba ki gama ba. Ina nan ranar Talata."

Gwaggo