Mun zuba zakka da sadaka a asusu ɗaya, za mu iya haƙa burtsatse da kuɗin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ne ma'ajin wani kwamiti a unguwarmu nan Jos, masallatai shida ne suka haɗu, akwai na Izala akwai na ɗarika. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 abubuwa suka yi wa mutane tsanani, sai muka ga gara mu haɗa ƙarfi da a ce kowane masallaci yana zagayawa da kwalinsa shi kaɗai. Asusun banki ɗaya ne da mu, abin da aka tara ranar Juma'a nan ake zubawa, da azumi kuma wasu 'yan kasuwa suka turo zakkarsu ciki. Mun sayi masara da shinkafa mun raba wa marayu da matan da mazansu suka rasu, mun biya wa mutum biyu kuɗin asibiti. Cikin waɗanda suka samu abinci akwai gida uku na maƙwabtanmu Kirista, don cocin bayan layinmu ma sun taɓa kawo buhu biyu suka ce a haɗa a raba. Yanzu burtsatse muke so mu haƙa saboda wahalar ruwa, wani malami ya ce ya halatta da kuɗin zakka tunda fi sabilillahi ne, wani kuma ya ce ai tun farko hulɗa da coci haramun ce. Kwamiti ya rabu biyu Malam. Sannan ni ke zirga-zirga da kuɗina, zan iya cire kuɗin mota a ciki?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka muku da alheri, a garin nan da aka kafa Izala a 1978 a ce yau limaman ɓangarorin biyu suna zama kan tabarma ɗaya suna lissafin marayu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kada ku bari burtsatse ta wargaza shi.

Amma ɗan'uwa, ka tambaye ni abu uku ka wuce ta kan abin da ya fi su girma kamar ba komai ba. Ka ce asusu ɗaya ne, kuɗin Juma'a da zakka duk a ciki. To a nan matsalar take. Kuɗin kwali sadaka ce, ƙofarta a buɗe take. Zakka kuma tana da masu ita, kashi takwas da Allah ya ƙidaya da kansa a aya ta 60 ta Suratut Tauba, ku kwamiti wakilai ne kawai na waɗanda suka turo, in kuka kai ta inda ba wurinta ba nauyin yana wuyanku. Tun kafin a sake zama kan maganar ruwa, ka je banki ka karɓo takardar shiga da fitar kuɗi tun daga kafin azumi, ka zauna da wayarka ka bi alat ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, wanda ba ka tabbatar ba ka kira mai kuɗin ka ce Alhaji wancan da ka turo zakka ce ko taimako ne. In akwai wanda ya shige maka duhu ka sa shi a ɓangaren zakka, ya fi maka kuɓuta. Daga nan a buɗe asusu na biyu da littafi na biyu.

Abin da kuka riga kuka kashe kada ya tayar maka da hankali. Kuɗi ba su da tambari, lissafi ne. Na asibitin nan, in mutanen matalauta ne ko bashin magani ya ci su, zakka ta faɗa wurinta. Abincin gidajen Kirista uku ku lissafa shi daga kuɗin Juma'a da buhunan da coci ta kawo, shi ke nan, domin zakkar farilla daga mawadatan Musulmi ake karɓa a mayar wa matalautansu. Sadaka ga maƙwabci wanda ba Musulmi ba kuwa babu saɓani a halaccinta, aya ta 8 ta Mumtahana ta isa, kuma Abdullahi ɗan Amru in an yanka akuya a gidansa tambaya yake yi ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude. Malamin da ya ce haramun ne ya haɗa ciyar da mayunwaci da tarayya a ibada, abu biyu ne daban. Duk wanda ya ga rikicin 2001 da na 2008 a garin nan ya san darajar maƙwabcin da zai ƙwanƙwasa maka ƙofa da buhun masara. Ku karɓa ku gode, ku ma ku kai musu, sharaɗi kawai kada a jingina abincin da halartar wata addu'a ko wa'azi, daga ɓangarensu ko daga naku.

Abu ɗaya zan ja kunnenku a kai game da masarar da kuka saya. Nan gaba in kuɗin zakka ne a ba mutum kuɗinsa a hannu, ko a tambaye shi kafin a saya masa. Wata matar ba shinkafa ce damuwarta ba, mai gidan haya ne ya ba ta notis.

Yanzu burtsatse. Ba ta halatta da kuɗin zakka, kuma zan ɗan tsawaita don na san maganar ta yaɗu, kowa ya tashi ginin masallaci ko katangar Islamiyya sai ya ce fi sabilillahi. Asalin ra'ayin shi ne abin da Fakhruddin ar-Razi ya kawo a tafsirinsa daga al-Ƙaffal, cewa wasu malaman fiƙihu sun ce kalmar ta game duk ayyukan alheri, har likkafani da gina masallatai. Ka lura, "wasu" aka ce, ba a faɗi ko su waye ba balle a duba hujjarsu. A zamanin baya-bayan nan Rashid Rida da Shehu Mahmud Shaltut sun faɗaɗa ma'anar zuwa maslahar al'umma, manyan malamai ne ba na raina su, amma mazhabobin nan huɗu ba su tafi a kan haka ba. Ayar zakkar nan da "innama" ta fara, wato iyakancewa, sannan ta jero takwas. In fi sabilillahi tana nufin kowane alheri to me ya kawo ƙidaya sauran bakwai ɗin? Ciyar da faƙiri alheri ne, biya wa mai bashi alheri ne, da sai a ambaci guda ɗaya a huta. Imamu Malik a Mudawwana ya ce ba a sa zakka ko a likkafanin mamaci, ba a gina masallaci da ita. Shehu Halilu ma, mai littafin Mukhtasar na fiƙihun Malikiyya, da ya zo kan kason mai jihadi ya halatta a saya masa kayan yaƙi amma ya ce ban da ganuwa da jirgin ruwa. Ganuwar da za ta kare gari kenan aka hana, ina ga famfo?

Kuma ka dubi su wa za su sha ruwan. Alhajin da ya ba da zakkar gidansa yana layin, yaransa za su ɗiba. Mai buga bulo zai zo da tanki, mai wankin mota zai ja tiyo, 'yan garuwa su cika jarka goma sha biyu a kura su je su sayar. Duk ba laifi ba ne, amma an ɗauki haƙƙin bazawarar da ba ta da kujera a kwamitinku an raba wa kowa da kowa. Na daɗe ina lura, kwamiti ya fi son aikin da za a manna masa allo a rubuta suna, kuɗin hayar tsohuwa ba shi da wurin manna allo. Wasu malaman zamani sun yi rangwame a inda mutanen wuri duk matalauta ne, ƙishirwa na halaka su, babu wata hanya sai zakka. Unguwar da ke da masallatai shida da 'yan kasuwa masu fitar da zakka ba ta shiga wannan ba. Kada kuma wani ya kawo muku dabarar a damƙa wa talaka kuɗin da sharaɗin ya dawo da su a yi rijiya, wannan wasa da hankali ne.

Ruwan kuma ku haƙa shi. Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ta fi, aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya ya ce wannan ta Ummu Sa'adu ce. Ku sa limaman nan shida su faɗi wannan a Juma'a ɗaya, a ce duk mai son ya yi wa iyayensa sadaka mai gudana ga dama, za ka sha mamaki. Shawarata kuma, ƙasar Jos dutse ce, ku biya a auna wurin kafin a kawo injin, sannan a rubuta filin waƙafi ne na unguwa ba na masallacin wane ba, don rigimar da ke kashe irin wannan haɗaka daga "a ƙofar wa za a sa" take farawa. A ware kuɗin gyara tun yanzu, famfuna nawa ka gani a unguwanni sun mutu saboda sumo ya ƙone babu mai saya.

Zakkar da ta rage a asusu kada ta kwana har wani azumin, masu ita suna nan da yunwarsu. Kuma don Allah ku bar ɗaukar hoton mata da buhu a ka kuna sawa a WhatsApp, in masu bayarwa na son shaida ku nuna musu littafi da rasit. A aika da daddare ko a tura ta waya.

Kuɗin motarka ba za ka cire da hannunka ba. Kason ma'aikatan zakka na wanda hukuma ta naɗa ne, kai kuwa wakili ne. Ka kai maganar gaban kwamiti su yanke maka wani abu sananne daga ɓangaren sadaka, a rubuta, wani ya sa hannu ba kai ba. Ba zarginka nake yi ba, ma'aji ne kai, kuma ranar da aka samu saɓani littafinka za a fara buɗewa. Ka nemi a ƙara mutum biyu masu sa hannu a banki, ɗaya daga kowane ɓangare.

Wallahu a'alam.