Tambaya da Amsa: Matar da ta zagaye duniya ita kaɗai a kan teku

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Musu ne ya kaure tsakanina da maigidana. Mun ga labarin wata mata 'yar Afirka ta Kudu da aka ce ta ci gasar zagaye duniya ita kaɗai a ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska. Shi ya ce ba zai yiwu ba, dole akwai inji da masu taimaka mata a ɓoye. Don Allah a raba mana gardama. Kuma wace irin sana'a ce wannan, me ake samu a ciki? Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. A gaida maigida, amma a wannan karon ke ce da gaskiya.

Sunan matar Kirsten Neuschäfer, an haife ta a 1982. Gasar kuma ana kiranta Golden Globe. Jirage 16 ne suka tashi daga garin Les Sables-d'Olonne da ke gaɓar tekun Faransa ranar 4 ga Satumban 2022, kowane jirgi da mutum ɗaya, ita ce mace tilo a cikinsu. Ta dawo garin ranar 27 ga Afrilun 2023. Uku kacal suka kammala bisa ƙa'ida: ita, sai Abhilash Tomy na Indiya, sai Michael Guggenberger na Ostiriya.

Shakkar maigida tana da dalili, domin dokokin gasar sai ka ce an shirya su ne don a wahalar da mutum. Masu shirya ta sun mai da hannun agogo baya zuwa 1968, shekarar da aka fara irin wannan tsere. Jirgi ba zai wuce ƙafa 36 a tsayi ba, kuma dole ya zama tsohon ƙira. An haramta amfani da GPS. Idan kana son sanin inda kake a tsakiyar teku, sai ka ɗauko na'urar auna tsayin rana daga doron ruwa, ka duba agogo, ka zauna da fensir da taswirar takarda ka yi lissafi. Ranar da hadari ya rufe rana kuwa sai kirdado. Ba ka sauka a ƙasa, ba wanda zai miƙa maka ko da kwalbar ruwa. Abinci na gwangwani ne da busasshe da aka loda tun daga Faransa, ruwan sha kuma ana ƙarawa da na sama. Akwai ƙaramin inji a jikin jirgin, amma man da aka yarda a ɗauka kaɗan ne, ba wanda zai kai mutum mil dubu talatin ba. Batun masu taimako a ɓoye kuwa, kowane jirgi yana ɗauke da na'urar da ke nuna wa duniya inda yake ta intanet. Mu da ke gida muna ganin inda take, ita ce ba ta gani.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarinta shi ne shekarun da suka gabaci gasar, waɗanda 'yan jarida ba su cika tsayawa a kansu ba. Tana 'yar shekara 22 ta hau keke daga Fotugal har gida Afirka ta Kudu, ita kaɗai, kusan kilomita 15,000. Daga 2006 ta shiga aikin teku gadan-gadan. Tana koyar da tuƙi, tana kuma kai wa masu kuɗi jiragensu daga wata ƙasa zuwa wata, kamar yadda direba ke ɗauko mota daga tashar jiragen ruwa ya kai wa mai ita Kano. Daga baya ta yi shekaru tana tuƙa jiragen da ke kai masu bincike da masu ɗaukar fim yankin Antaktika da tsibirin Jojiya ta Kudu, inda sanyi da guguwa suka fi ko'ina tsanani. Wato tekun kudu da ya karya 'yan gasa da dama, ita wurin aikinta ne tun tuni.

Jirginta, Minnehaha, tsoho ta saya a Kanada. Ta shafe kusan shekara a tsibirin Prince Edward tana gyaransa tare da masu sana'a na wurin, sannan ta tuƙo shi ita kaɗai zuwa Cape Town, daga nan zuwa Faransa. Kafin a busa usur ta riga ta san kowace ƙusa da kowace igiya a jikinsa. A ganina nan aka ci gasar. Ki duba Simon Curwen ɗan Ingila, wanda ya daɗe yana kan gaba da tazara mai yawa. Na'urar da ke riƙe masa sitiyari idan zai yi barci ta karye a tekun Fasifik, dole ya ratse zuwa Chile gyara. Ya riga Kirsten isa Faransa, amma tunda ya tsaya a ƙasa ya fita daga layin masu neman kofi.

Sai batun ceto. A watan Nuwamban 2022 jirgin Tapio Lehtinen ɗan ƙasar Finland ya nutse cikin 'yan mintoci a tekun Indiya, kudu maso gabashin Afirka ta Kudu. Ya tsira a ƙaramin kwale-kwalen roba na gaggawa. Kirsten ce mafi kusa, kimanin mil ɗari. Ta karkata akalar jirginta, ta kwana tana tuƙi, washegari ta tsamo shi, sannan ta miƙa shi ga wani babban jirgin dakon kaya mai suna Darya Gayatri, ta koma tserenta. An rage mata sa'o'i 35 daga lissafin lokacinta saboda wannan, wanda ya sa a hukumance kwana 233 aka rubuta mata. Da ta doshi Faransa ma ba ta san ita ce a gaba ba, domin iska ta ɗauke mata na tsawon kwanaki a tekun Atlantika har ta zaci an wuce ta. Sai da jiragen 'yan tarya suka iso ta ji labari.

Bari in ɗan ratse in yaba wa na biyu. Abhilash Tomy tsohon hafsan sojan ruwan Indiya ne. A gasar 2018 guguwa ta kifar da jirginsa, ƙashin bayansa ya karye, ya yi kwanaki kwance bai iya motsi har aka zo aka ɗauke shi. Da ƙarfe a bayansa ya dawo ya sake shiga.

Game da samu, Hajiya, kada ki kwatanta da ƙwallon ƙafa. Yawancin masu wannan tsere kashe kuɗi suke yi. Jirgi da gyaransa suna cin dukiya, don haka ana neman kamfanonin da za su ɗauki nauyi a liƙa sunansu a jikin jirgin, wasu kuma har bashi suke ci. Abincin yau da kullum yana fitowa ne daga koyarwa, kai jirage, da ɗaukar masu yawon buɗe ido. Nasara tana kawo suna, sunan kuma ya kawo gayyatar yin lacca da sababbin masu tallafi. A 2023 hukumar wasan tuƙin jiragen iska ta duniya ta zaɓi Kirsten gwarzuwar shekara.

Ko a gasar farko ba a yi arziki da ita ba. Mutum tara suka fita a 1968, Robin Knox-Johnston kaɗai ya kammala, bayan kwana 312. Kyautar fam 5,000 da aka ba shi ya miƙa ta ga iyalan Donald Crowhurst, abokin takararsa da aka tsinci jirginsa yana yawo a tekun Atlantika babu kowa a ciki.