Tambaya da Amsa: Wa ya raɗa wa garuruwan Girka suna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Malaminmu na tarihi ya ce sunan birnin Korintos ba Girkanci ba ne. To harshen su wa ne? Kuma su ne suka gina ganuwar nan ta manyan duwatsu a Maisini?
Ɗalibarka daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminku ya faɗi gaskiya. Duba ƙarshen sunayen: Korintos da Zakintos iri ɗaya, Kunosos da dutsen Farnasos iri ɗaya. Girkanci ya kasa fassara su. A 1896 wani masani Bajamushe, Paul Kretschmer, ya nuna cewa akwai sunaye masu irin wannan ƙarshe birjik a yankin da yake Turkiyya a yau. Daga nan masana suka karkata ga cewa Girkawa sun tarar da wasu mutane a ƙasar, suka gaji sunayen wuraren a bakinsu. Wasu ma suna danganta Farnasos da "parna", wato gida a harshen Luwiyawa, wasu mutanen da suka zauna a yankin Turkiyya a zamanin da. Wannan hasashe ne mai ƙarfi, amma hasashe ne, kada ki rubuta shi a jarrabawa kamar an yanke hukunci.

Ganuwar kuwa labarinta daban. Ƙofar Zakuna, babbar ƙofar ganuwar tsohon birnin Maisini, an gina ta wajen 1250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma tun da Michael Ventris ya warware Linear B, tsohon rubutun mutanen wancan zamanin, a 1952 muka san masu mulkin wurin Girkanci suke yi. Ke nan waɗancan tsofaffin sunayen sun girmi ganuwar. Jikokinsu sun manta da maginan, har suka ce ƙattin tatsuniyarsu da ake kira Saikulof ne suka ɗora duwatsun.

Wurin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne Gila, a yankin Boyotiya na tsakiyar Girka. Ganuwarsa ta kai kusan kilomita 3, tana kan tudu a tsakiyar tafkin Kofayis da mutanen zamanin suka janye wa ruwa don noma. Filin da ta kewaye ya fi na Maisini faɗi nesa ba kusa ba, amma sunan wurin na asali ya ɓace. Sunan Gila na baya-bayan nan ne, ana ganin daga bakin Albaniyawan da suka zauna a yankin ya fito, daga kalmar hasumiya. A nan ganuwar ce ta girmi sunan da shekara fiye da dubu biyu.