Sa yaro a firamaren unguwa a Makka: ta ina za a fara?

Hajiya, kin ce ɗanki ya cika shekara 6, kuna zaune wajen Shari'ul Mansur, kuma kina tsoron kada ya kasa gane karatu tunda Hausa kuke yi a gida.

Ki fara da takardu. Rajistar makarantun gwamnati ta manhajar Nur ta Ma'aikatar Ilimin Saudiyya ake yi, kuma sai da iƙama (katin izinin zama a ƙasar) mai rai, da takardar haihuwa, da katin rigakafi. A nan mutanenmu suka fi yin sake: sai an rufe rajista su farga iƙamar yaro ta mutu. Idan takardunku na da tangarɗa, kada ki ba ɗan kamasho kuɗi, ki je ofishin ilimi na yankinku da kanki.

Kafin ki zaɓa, ki je makarantar da ƙafarki lokacin tashi. Ki duba ko filin da yara ke jerin safe yana da rumfa, ko na'urar sanyaya aji na aiki, da wanda ke tsaron ƙofa. Zafin Makka ba abin wasa ba ne.

Batun harshe kuwa, ki kwantar da hankalinki. Nawa ɗan ya yi wata biyu bakinsa a rufe, daga baya shi ke gyara mini Larabci. Don Allah kada ki daina yi masa Hausa. Ki dai riƙa zama da shi bayan Magariba kuna bitar haruffa, ki kuma shiga zauren iyaye na WhatsApp. Idan zango ya ƙare bai fara haɗa baƙi ba, ki nemi ganin mai ba ɗalibai shawara, a kuma kai shi likita a duba ido da kunne.