Liechtenstein: aiki akwai, wurin zama ne babu

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce wani ejan ya faɗa maka akwai wata 'yar masarauta a Turai mai suna Liechtenstein, mutanenta wajen 40,000 ne kacal, kuɗi sun yi musu yawa, ma'aikata suke nema ido rufe, kuma da ka shiga da takardar karatu, nan da 'yan shekaru ka zama ɗan gari. Ka ce tunda can nake aiki, in gaya maka gaskiya kafin Baba ya saki gonar.

Kuɗin gaskiya ne, aikin ma gaskiya ne. Amma ni da kake ji ina aiki a can, ba a can nake kwana ba. A Feldkirch nake, cikin Ostiriya. Da sassafe bas ke cika da mu, Bajamushe, Baturke, ɗan Ostiriya, kowa riƙe da ƙunshin abincinsa, mu tsallaka iyaka, da yamma mu dawo. Fiye da rabin ma'aikatan ƙasar haka suke yi. Kuma ba za ka gane dalilin ba sai ka san yadda ƙasar ta rayu.

Faɗinta murabba'in kilomita 160 ne kacal, a matse tsakanin Suwizalan da Ostiriya. Asalinta ciniki ne. Gidan sarautar Liechtenstein attajirai ne na fadar Vienna, suna da gonaki bila adadin, amma ba su da kujera a majalisar daular Jamus ta wancan zamani, don sai mai ƙasar da babu wani sarki tsakaninsa da babban sarki ake ba kujerar. Sai Yarima Hans-Adam na ɗaya ya sayi yankin Schellenberg a 1699, ya ƙara da na Vaduz, babban birnin ƙasar a yau, a 1712, daga hannun wasu sarakai da bashi ya ci. A 1719 aka haɗe su suka zama masarauta guda. Kujerar suke so ba ƙasar ba, shi ya sa sai a 1842 wani yarima mai ci ya fara taka ta, kuma sai a 1938 Franz Josef na biyu ya tare a Vaduz.

Abin da ke burge ni shi ne yadda suka iya zama da manya. A 1806 Napoleon ya rusa tsohuwar daular, ƙananan masarautu da yawa suka narke cikin maƙwabta, ita ta fito da 'yancinta. A 1852 ta jingina da Ostiriya ta yarjejeniyar kwastan. A 1868 ta sallami sojojinta gaba ɗaya, har yau ba ta da soja ko ɗaya. Da Ostiriya ta durƙushe bayan yaƙin duniya na ɗaya, kuɗinta ya zama takarda, ba su tsaya makoki ba: a 1919 suka warware yarjejeniyar, a 1923 suka ƙulla sabuwa da Suwizalan, a 1924 suka koma cin kasuwa da kuɗinta, wato faran. A 1939, Hitler ya riga ya haɗiye Ostiriya yana bakin ƙofarsu, 'yan Nazi na cikin gida suka yi yunƙurin juyin mulki, bai yi nasara ba. Suka fita yaƙin a matsayin 'yan ba-ruwanmu, duk da gidan sarautar ya rasa manyan filayensa a Czechoslovakia, rigimar da ta hana su hulɗar jakadanci da Czech har 2009.

To ƙasar da ta miƙa kuɗinta da kwastan ga maƙwabci, ba ta da soja, ba ta da filin jirgin sama, me ya rage a hannunta? Ikon cewa wane ne zai zauna, wane ne zai jefa ƙuri'a. Nan suka riƙe gam. Ko matansu sai a 1984 suka samu damar zaɓe. A 2003 jama'a suka amince a ƙara wa yarima iko bayan ya ce zai koma Vienna in an ƙi, a 2012 kuma suka ƙi yarda a cire masa ikon hawa kujerar na-ƙi. Ni ban ji daɗin yawan ikon nan a hannun mutum ɗaya ba, amma abokan aikina 'yan ƙasar suna ganin shi ne katangarsu.

Da suka shiga kasuwar bai-ɗaya ta Turai a 1995, sun nemi a keɓe su daga dokar 'yancin zama, aka kuma keɓe su. Turawan da ke cikin wannan kasuwa ma, izinin zaman da ake ba su bai kai 100 a shekara ba, rabinsa kuma ta ƙuri'ar gwada sa'a ake fitarwa. Kai mai fasfo ɗin Najeriya ba ka cikin ƙuri'ar. Zama ɗan ƙasa kuwa, ko ka shekara 30, ko mutanen garin da kake su kaɗa maka ƙuri'a, sannan ka ajiye fasfonka na gida.

Karatun kansa ba ƙarya ba ne. Akwai jami'a a Vaduz, ɗalibanta ba su kai 1,000 ba, ana koyar da zanen gine-gine da harkar kuɗi da kasuwanci. Digirin farko sai da Jamusanci, na biyu akwai na Turanci. Sai dai izinin ɗalibi na karatu ne kawai, ba ya rikiɗa ya zama izinin zama, kuma tsadar haya da cefane irin ta Suwizalan ce. Kamfanoni irin su Hilti da Ivoclar na ɗaukar baƙi, amma ƙwararru, kuma yawancinsu a ƙetare suke kwana.

Don Allah ka ce wa Baba ya dakata da gonar. Kada ka ba ejan ko sisi; jami'ar kai tsaye ake nemanta, harkar biza kuma ofishin jakadancin Suwizalan ne ke yi wa ƙasar. Ka fara Jamusanci yanzu, ka duba jami'o'in gwamnati na Jamus da Ostiriya, inda kuɗin makaranta ke da sauƙi kuma ana ba wanda ya gama lokaci ya nemi aiki. Ka turo min takardunka mu duba tare. Ka gaishe min da Baba da Inna.