Tsiron tumatir ɗina yana kwanciya yana mutuwa, me zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mako uku da suka wuce na shuka irin tumatir da attaruhu a ƙananan robobi a cikin ɗaki, da niyyar in dasa su a buhuna a tsakar gida. Sun fito da kyau, amma yanzu sun yi tsawo siriri, kuma kullum da safe sai in tarar wasu sun kwanta sun mutu. Na ƙara ruwa. Mai shagon maganin feshi ya ba ni yuriya da wani maganin ƙwari, amma abin sai ƙaruwa yake. Da tsada na sayi irin nan, hankalina a tashe yake. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin komai, ki ajiye yuriyar nan da maganin ƙwarin, ki kuma daina ban ruwa yau. Sauran tsiron da ke tsaye za a iya ceto su.

Matsala biyu ce ta haɗu miki. Tsawon da suka yi siriri rashin haske ne. Hasken taga bai isar tumatir, shi ya sa yake miƙewa yana karkata wajen haske, karansa ba ƙwari. Ki fitar da robobin inda za su sha hantsi, ki riƙa ƙara musu lokacin rana kaɗan-kaɗan cikin mako guda, kada ki ɗauke su daga duhun ɗaki ki dire su a ranar azahar.

Kwanciyar kuwa, ki ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗi ki duba daidai inda kara ya haɗu da ƙasa. In kin ga wurin ya tsuke kamar zare, ya yi ruwan ƙasa, ya jiƙe, alhali ganyen na nan kore, to ruɓewar tsiro ce. Ƙwayoyin cuta ne dangin funfuna da ke zaune cikin ƙasa, kuma babu abin da suke so irin ƙasa mai laima kullum da wurin da iska ba ta ratsawa. Wasunsu ma a cikin ruwan suke yawo daga tsiro zuwa tsiro. In kuma kin tarar an datse karan ne tas, wannan tsutsa ce, tana ɓoye a ƙasa da rana.

To a nan ne raina ke ɓaci, don kusan kullum sai an kawo mini wannan maganar. An sa wa mutanenmu a rai cewa duk shukar da ta langaɓe ƙishi take ji ko yunwa. Tsiron da saiwarsa ta ruɓe dole ya yi yaushi, ko da kuwa yana tsakiyar ruwa, domin ba shi da abin zuƙa. Mai shi ya ga yaushi ya ƙara ruwa, cutar ta samu abin da take so, gobe goma su kwanta, ya sake ƙarawa. Da hannunsa yake kashe su, yana ganin taimako yake yi.

Sai a zo kan yuriya. Taki ne mai ƙarfi, kashi 46 cikin 100 sinadarin naitrojin ne, an yi shi don masara da shinkafa a fili. A zuba shi cikin 'yar roba, a kan tsiron da bai wuce ganye biyu ba? Yana tsotse ruwan saiwa ya ƙone ta, wanda ya tsira kuma ya ƙara tsawo da laushi, cutar ta fi samun sauƙin kama shi. Ɗanyen kashin kaji ma haka yake yi. Tsiro bai buƙatar taki sai ya fitar da ganyensa na gaskiya, wato waɗanda ke biyo bayan ganye biyun farko, shi ma ɗan kaɗan, a jiƙe cikin ruwa mai yawa.

Shi kuma mai shagon, ya tambaye ki yadda karan yake? Ya ce ki kawo masa ɗaya ya gani? Na tabbata bai yi ba. Akwai masu shago na kirki da suka san aikinsu, amma da yawa abin da ke kan kanta suke sayarwa, ba abin da shuka ke buƙata ba. Maganin ƙwari ba ya taɓa funfuna ko kusa. An karɓi kuɗinki, an kuma sa ki fesa guba a ɗakin da yara ke kwana. Wannan ya fi ɓata mini rai fiye da asarar irin. Wanda bai san ciwo ba ya ji tsoron Allah ya ce bai sani ba, ya tura mutum wurin malamin gona.

Abin yi yanzu: ki cire duk wanda ya kwanta haɗe da ƙasar gindinsa ki zubar nesa, ba ya tashi. Ki huda ƙasan kowace roba ruwa ya riƙa fita. Ki rage cunkoso, tsiro ɗaya ko biyu a roba. Ban ruwa da safe kawai, kuma sai kin sa yatsa kin ji saman ƙasar ya bushe. In sun kai mako huɗu zuwa biyar da ganye huɗu ko biyar, ki dasa tumatirin da yamma, ki binne karan har kusa da ganyen farko, zai fitar da sabuwar saiwa a jikinsa. Attaruhu ya fi jinkiri, yakan kai mako shida zuwa takwas, kuma sanyin hunturu na ƙara masa nawa, kada ki matsa masa.

In za ki sake shuka, kada ki maimaita wannan ƙasar. Ki haɗa sabuwa da yashi da takin gargajiya da ya ruɓe sosai, ki turara ta a tsohuwar tukunya ta huce kafin ki zuba iri. Manoman rani da ke ƙona kara a kan fangalin reno kafin yafi, abin da suke yi ke nan. Ki wanke robobin da sabulu ki shanya a rana. Irin da ya zo a gwangwani da launi a jikinsa an riga an sa masa magani, kada ki wanke shi, kuma ki wanke hannunki bayan kin taɓa. Zurfin shuka kada ya wuce santimita 1.