Ruwan rijiyarmu garau yake amma yara na zawo: ta ina za mu fara?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni ne magatakardan kwamitin rijiya a wani ƙauye na gundumar Illela, jihar Tawa. Rijiyar ta siminti ce, tana cikin fadama kusa da ƙorama, garuruwa uku ne ke sha daga cikinta, ban da makiyayan da ke saukowa da rani. Tun da damina ta kankama yara ke ta zawo, har biyu sun kwana asibiti ana yi musu ƙarin ruwa. Na ce a duba rijiyar, domin an gina salgogi a sabuwar unguwar da ke sama da ita, ga kuma garaken albasa a gefe, amma dattawa sun ce ruwan garau yake, ba wari ba ɗanɗano, saboda haka ba shi da laifi. Kowane gari kuma yana cewa gyaran na wancan garin ne. Hankalina ya tashi ƙwarai. Ta ina zan fara?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaran lafiya. Kafin a zauna kowane taro, daga yau a riƙa tafasa ruwan sha a gidaje, ko a saka masa ƙwayar Aquatabs, wato ƙwayar kilorin mai kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, bisa ƙa'idar da ke jikin takardarta, a jira rabin awa kafin a sha. Duk yaron da ya fara zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari a kai shi asibiti. Idan kuwa manya suka fara amai da zawo mai kama da ruwan shinkafa, a sanar da jami'in lafiya a ranar, domin a 2021 kwalara ta kama sama da mutum 5,000 a Nijar, kuma jiharmu na cikin waɗanda ta fi taɓawa.

Maganar dattawanku ita ce ta fi damuna, domin ita nake ji kusan kullum a bakin rijiyoyin Adar, daga Keita har Ƙwanni, kuma ta yi sanadin mutuwar yara da yawa. Na san inda ta samo asali. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su sauya ba yana halatta a yi tsarki da shi. Wannan hukunci gaskiya ne a babinsa, wato alwala da wanka. Kuskuren shi ne a ɗauko shi a kai shi bakin randa, a ce ruwan da ya isa alwala ya isa a ɗura wa jariri. Malaman da suka tsara hukuncin suna magana ne a kan ingancin ibada, ba su yi wa kowa alkawarin cewa ruwan ba ya ɗauke da cuta ba.

Ƙwayoyin da ke kawo kwalara da taifot da ciwon hanta mai sa shawara ba su da launi, ba su da wari, kuma ɗan abin da zai manne a gindin guga daga kashin yaro ɗaya ya isa ya ɓata ruwan gari ba tare da ido ya ga komai ba. Sinadaran ƙasa ma haka suke. Wanda bai yarda ba ya tambayi mutanen Tsibirin Gobir, a jihar Maraɗi, inda yara suka yi shekaru suna shan ruwan burtsatsen da aka haƙa a shekarun 1980, ruwa mai haske da kowa ke yabo, sai daga baya aka gano sinadarin fulorayid da ke cikinsa ya ninka iyakar miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Haƙoran dubban yara suka ɓaci, wasu ƙafafunsu suka lanƙwashe har abada. Babu wanda harshensa ya gaya masa hakan a lokacin da yake sha.

A rijiyarku, abin da nake tsoro bayan salga shi ne naitirat, wanda ke fitowa daga takin zamanin garake da kashin dabbobi da kuma salgar ita kanta. Iyakarsa miligiram 50 a lita, kuma jariran da ba su kai wata shida ba ya fi cutarwa, domin yana rage wa jininsu ƙarfin ɗaukar iska. Tafasawa ba ta kore shi, sai ma ta ƙara masa yawa idan ruwan ya ƙone, kilorin ma ba ya taɓa shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa muke roƙon uwaye su tsaya ga nono zalla har wata shida.

Ga kuma batun alif. Mace za ta jefa alif a ruwan ƙorama, laka ta kwanta, ta ce ruwa ya gyaru. Alif yana da amfani, domin kilorin ba ya aiki da kyau a gurɓataccen ruwa, amma rabin aiki ne kawai, dole tafasawa ko ƙwayar magani ta biyo baya. Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu yawo ranar kasuwa da farin gari ƙulle a leda, ba suna ba adadi, suna cewa a zuba a rijiya ta warke shekara guda, da kuma maginin da zai kurɓi ruwa ya tofar, ya ce ya gwada lafiya lau. Rijiyar da ƙazanta ke shigarta kullum ta ƙarƙashin ƙasa ko ta bakinta ba ta warkewa da zubi ɗaya, ko da na jabel na gaskiya ne, wato ruwan kilorin. Gwaji ɗaya ne na sani: a ɗebi ruwa a kwalba mai tsabta ta ɗakin bincike, a sa a ƙanƙara, a kai shi cikin ƴan awoyi, kuma a mililita 100 kada a samu ko ɗaya ta ƙwayar E. coli, wadda ke nuna kashi ya shiga ruwan. Ku rubuta wa ma'aikatar magajin gari takarda da sa hannun hakiman garuruwan uku, ku kai kwafi ma'aikatar ruwa ta gunduma, ku nemi a auna ƙwayoyin cuta da naitirat da fulorayid. Takarda takan kwana a tebur har damina ta wuce, saboda haka ku naɗa mutum ɗaya da zai riƙa bin sawunta kowace ranar kasuwa.

Game da garuruwan da ke tura wa juna gyara, ku daina kiran taron da sunan neman mai laifi. Ku gayyaci hakimai da limamai da arɗon Fulani da wakilin Buzaye da masu garake, da matan da ke jan guga, domin su ne suka san ranar da ruwa ya hau da ranar da ya sauya, ku taka da ƙafa daga bakin rijiya ku bi hanyar ruwan sama har kan tudu. Wanda ya ga juji da salga da makwancin dabbobi a kan hanyar da ruwa ke gangarowa zuwa rijiyar da ƴaƴansa ke sha ba ya bukatar dogon bayani. Ku roƙi liman ya tuna wa jama'a cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya kuma yi gargaɗi a kan bayan gida a mashaya. Dattijon da ya kafa hujja da fiƙihu zai fi saurin karɓar amsa daga nan.

Dokar ruwa ta ƙasa ta 2010 ta tanadi keɓe filin kariya a kewayen wuraren ɗibar ruwan sha, kuma kwamitin filaye na gari, wanda ake kira COFOB, shi ne zai rubuta muku iyakar a takarda don kada magada su musa gobe. A rubuta cewa ba salga ba juji ƙasa da mita 30 daga rijiya, kuma wadda ke sama da ita a kan gangare a ƙara mata nisa. A ɗaga bakin rijiya, a yi daɓen siminti mai magudana, a rataye guga da igiya a kan itace kada su taɓa ƙasa. Makiyayi yana da haƙƙin shayarwa a doka, korarsa kuma rikici kawai za ta jawo, don haka a gina masa kwami nesa kaɗan ta ƙasan rijiya a gangare, a bar masa burtali, shi ma ya zuba nasa kason a asusu. Ko dala ɗaya ce a kan kowane bido, a karɓa, a riƙa karanta lissafin a bainar jama'a.

Aikin tudu kuwa ba sai na koya wa mutumin Illela ba. A Batodi, cikin gundumarku, ruwan rijiyoyi ya hau da kusan mita 14 tsakanin 1994 da 2004 bayan da manoma suka farfaɗo da fako ta hanyar haƙa tassa da rabin wata, wato ramukan tare ruwan sama. Ku ci gaba da wannan gayya a saman ƙoramarku, sai dai ku sani idan ruwan ƙasa ya hau yana matsowa kusa da gindin salga, wanda ya kamata ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwa. Saboda haka ku auna zurfin ruwan rijiyar da igiya mai alama a ƙarshen rani da kuma cikin watan Satumba, ku rubuta a littafin kwamiti, ku aiko mini da adadin tare da sakamakon gwajin, sannan in gaya muku ko salgogin sabuwar unguwar za su zauna ko sai an cike su.